Surukina, Wanda Ake Kira Barlo

Matso kusa, ɗan'uwa, ja tabarma nan inda inuwa ta kai. Magana gare ni, kuma ba ta ɗaga murya ba ce. Ni dai an san ni da surutu tun ina budurwa a Tama. Uwata kan ce ko da turmi anka bar ni a ɗaki sai ya roƙi a fitar da shi. Amma wagga magana ban iya yin ta tsaye a bakin rijiya ba, shi ya sa na ɗauko ragowar kayen lakkwal na ɗiyata, wato littafin rubutunta na makaranta, da ɗan karatun yaƙi da jahilci da na yi rani biyu, na ce bari in zuba ta nan. In ka ga baƙi ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sanin taɓarya.

Surukina ya rasu, uban maigidana. Yau kwana arba'in da 'yan kai.

Ranar da ya cika, kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika. Masu lambun albasa sunka hawo daga fadama da laka a ƙafafunsu. Kiristocin da ke aiki asibitin mishan sunka zo su shida, sunka tsaya gefe guda, huluna a hannu. Har wani tsohon Buzu da ya taɓa shayar da raƙumanshi a rijiyarmu shekarar fari, ban san wa ya gaya mishi ba, sai ga shi ya durƙusar da raƙumi. Kowa ya buɗe baki abu guda yake cewa: Allah shi jiƙan Barlo. Cikin gida kuwa wata maƙwabciyarmu tana share hawaye tana cewa, “To yanzu in guga ya faɗa rijiya, wa za a kira?” Wata ta ce, “Ke dai bari. Mutum ne da bai iya cin albasarshi shi kaɗai ba.”

Da anka dawo daga kushewa, maza sunka zauna za a yi addu'a. Ina bayan zana, kuma ni kunne gare ni, ko kaza ta yi tari a gidan maƙwabta na san wacce ce. Liman ya ɗaga hannu, sai ya sauke.

Ya ce, “Jama'a, Barlo dai ba sunan yanka ba ne. Mi ne ne sunan mamacin, kuma ɗan wa ne?”

Kowa ya dubi na kusa da shi. Ya juya wajen ladan, wanda sunka yi shekara da shekaru suna zama kan dakali guda da surukina.

“Kai ne abokin zamanshi.”

Ladan ya gyara zama, ya sake gyarawa. “Allah shi gafarta malam, ni dai Barlo na iske ana cewa.”

Anka tambayi tsofaffin masu lambu, anka tambayi Kiristocin. Babba cikinsu ya ce ko a katinshi na asibiti Barlo ne a rubuce. Ɗanshi guda ne a duniya, maigidana, shi kuwa ya tafi cin rani bakin teku yau shekara tara, wasiƙa biyu munka gani sannan shiru. Liman ya ce Allah ya san bawanShi, ya yi addu'a da “wannan bawa naKa”. Sannan ya ce, “Amma kafin sadakar bakwai a bincika. Bai kyautu ba mutum shi kwanta cikinmu kamar baƙon kasuwa.”

Ni na san sunan. Duk garin ni kaɗai na sani. Kuma ni ce wadda bai halatta ta faɗe shi ba, don a wajenmu suruka ba ta kama sunan uban mijinta, ko da wasa, ko a mafarki. Sunan maigidana ma ba ni faɗi, na ɗiyata ta fari ba ni faɗi. Ka ga mace mai surutu da bakinta cike da sunayen da take hadiyewa.

Bari in koma baya in gaya maka inda Barlo ya samo asali.

Surukina ba ɗan garin nan ba ne. Daga wani ƙauye ya fito can bayan Keita, cikin duwatsu. Wata yunwa ta zamanin da ta watse gidansu, uwa da uba sunka rasu, 'yan'uwa kowa ya kama gabanshi, shi ya gangaro kudu shina neman inda za shi sa ƙarfinshi. Lokacin ana ta gine-gine a asibitin mishan. A nan ya gamu da wani Nasara ɗan Ingila, ba lokotoro mai magani ba ne, ba mai wa'azi ba ne sosai, maginin rijiya ne. Sunan gidansu Barlo. Surukina shi ke shiga ƙasa, Nasara na bisa shina riƙe da igiya shina zuba siminti. Haka sunka bi fadamun nan rijiya bayan rijiya.

Wata rana, cikin rijiyar da ke lambunmu yanzu, ƙasa ta zabtare mishi har ƙirji. Masu ja sunka firgita sunka saki. Nasara shi kaɗai ya naɗe igiya a hannu ya kafe ƙafa, ya riƙe har mutane sunka dawo hayyacinsu. Igiyar ta cinye mishi tafin hannu duka biyu. Surukina ya ba ni labarin nan ya fi a ƙirga, kuma kullum a wuri guda yake ƙarewa: “Ɗiya, igiya ba ta san Nasara ba, ba ta san Musulmi ba. Mai riƙewa kawai ta sani.”

Bai bi addininsu ba, Nasaran kuma bai matsa mishi ba. In lokacin salla ya yi, shi da kanshi ke leƙawa ya ce hawo, rana ta karkata. Daga baya ciwo ya kama Nasaran, anka ce sai gida. Ba mata, ba ɗa, ba jika. Surukina ya raka shi har bakin mota, kuma abin da ya tsaya mishi a rai ke nan: ga mutum za shi tafi ya mutu, babu wanda za a ce wane ɗan Barlo.

Mutane dama sun saba ce wa surukina mutumin Barlo. Da Nasara ya tafi sai “mutumin” ya faɗi a hanya, Barlo ya saura. Da wani ne, da ya ƙi amsawa. Shi kuwa ya amsa da hannu biyu. Shekarar da anka kira masu gida zuwa garin Madawa don yi wa yara takardar haihuwa, ya tafi da maigidana, mai rubutu ya tambaya, “Sunan uba?” Ba kuskuren mai rubutu ba ne, kada a ɗora mishi. Surukina da bakinshi ya ce, “Barlo.” Wai shi a ganinshi, wanda ya riƙe maka igiya ka riƙe mishi suna.

Kuma sunan ya yaɗu kamar yaɗon kabewa. Rijiyoyin siminti na da, daga nan har wajen Buza, duk rijiyar Barlo ake ce musu. Lungunmu lungun Barlo ne. Irin albasar da ya ke ajiyewa, ja mai ƙaramin wuya wadda ba ta ruɓewa a rudun ajiya, mata a kasuwa kan ce a ba su 'yar Barlo. Ɗiyata da ta shiga lakkwal, in mushe, malaminsu, na kiran suna da safe sai ya tsallake nata ya ce “Barlo”, ta ce “Furzan”, wato ga ni. Ranar da ta faɗa wa kakanta, ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, “Kin ji ko, matata? Har gwamnati ta san shi.”

Ni da anka kawo ni gidan, shekarar fari na farko, uwar mijina ta riga ta rasu. Na iske dattijo dogo, mai tabo a gwiwa, wanda ba ya shan ruwa sai ya ɗaga ƙwarya ya dubi ƙasanta ya ce daga wace rijiya ne. Kuma ba ya kuskure. Na taɓa gwada shi, na haɗa ruwan rijiya biyu a randa. Ya kurɓa ya ce, “Ɗiya, yau kin aurar da ta lambu ga ta masallaci.” Ba ya son a bar guga a ƙasa. Ba ya son a yi faɗa a bakin rijiya, wai ruwa na ji, shina ja da baya. In yaro ya jefa dutse ciki, ba ya duka, sai ya zaunar da shi ya ce, “Ka san mutum nawa sunka yi zufa kafin ka samu wurin jefa wanga dutse?” Yara sun fi tsoron wannan zama da bulala.

Faɗanshi guda ne a duniya, da ladan, kuma kullum a kan sunan nan ne. Da la'asar in sun zauna kan dakali, ni ina ciki ina tankaɗe ina jin su.

Ladan ya ce, “Kai dai ina tausayinka. Ranar tashin ƙiyama za a yi ta kiran Musulmi, kai kana zaune kana jira a ce Barlo.”

“Wanda za shi kira ya san ni tun ina ƙarƙashin ƙasa gaba goma sha biyu. Kai fa, da ke kiran salla kamar akuya ta maƙale a shinge, da wace murya za ka amsa?”

“Muryata ta tashe ka shekara talatin.”

“Ta tashe ni, gaskiya. Har jakina takan tayar.”

Sau ɗaya abin ya wuce wasa. Ladan ya ce a gaban mutane wai mai sunan Nasara bai kamata shi tsaya sahun gaba ba. Surukina ya koma sahun baya, can wajen takalma, ya yi wata guda a nan. Ana haka gugan gidan ladan ya tsinke ya faɗa rijiya, anka yi ta ƙugiya abin ya ƙi. Da hantsi sai ga dattijo da igiyarshi a kafaɗa, ba wanda ya aika mishi. Ya shiga ya fito da guga, ya miƙa wa ladan ya ce, “Ka wanke shi sau bakwai, hannun Barlo ya taɓa.” Ladan ya rasa inda za shi sa fuska. Da azahar shi da kanshi ya kamo hannunshi ya kai shi sahun gaba. Amma ka lura, duk shekarun nan na tsokana, bai taɓa cewa, to wai mi ne ne sunanka na gaskiya ba. Ba wanda ya taɓa tambaya. Ni ma ban taɓa tunanin akwai abin tambaya ba.

Alherinshi gare ni ba ya faɗuwa duka, ga guda. Da maigidana ya shekara huɗu babu labari, yayyena maza biyu sunka zo daga Tama za su tafi da ni. Na ɗauka za shi yi gardama. Sai ya kama zakaranshi guda ɗaya tak ya sa anka yanka musu, ya zauna ya ce, “Gaskiya gare ku. Ɗana bai kyauta ba, kuma ni ban san ko shina da rai ba.” Ya juyo wajen ƙofar ɗakina ya ce, “Ɗiya, ki tahi in kina so, babu komi tsakaninmu sai alheri. Ba ni riƙe igiyar da mai ita ya saki.” Na dubi murhu, na dubi tsohon da ko kunu bai iya damawa ba, na ce wa yayyena su gaida gida. Tun daga ranar, albasar farko da ya cire kowace shekara, a ƙofar ɗakina nake iske ta. Bai taɓa cewa shi ya ajiye ba.

Haka munka zauna. Da ɗiyata ta ci jarrabawa ta tafi kolej a Madawa wajen ƙanwar uwata, gidan ya koma mu biyu, shi a zaure ni a ciki, tsakar gida tsakaninmu kamar fage bayan girbi. Ni in yi ta zuba daga nesa, shi ya yi ta cewa “uhum”.

Bara da rani tari ya kama shi, na raka shi asibitin mishan a amalanken jaki. Wata baturiya ce ta karɓi katinshi, yarinya sabuwar zuwa, Hausarta tana tafiya kamar ɗan maraƙi ranar haihuwa, amma ana ganewa. Ta dubi kati, ta dube shi, fuskarta ta washe.

“Baba, Barlo? Sunan mutanen ƙasarmu ne wannan. Ina ka same shi?”

Ya gyara zama ya ba ta labari tun daga igiya. Ta ji daɗi ƙwarai. Ya ce mata, “Shi ya sa na riƙe. Mutumin bai bar baya ba, na ce kada sunan shi ɓace daga duniya.”

Ta yi dariya, ba ta raini ba, ta murna. “A'a, Baba, ba zai ɓace ba. Suna da yawa. A arewacin ƙasarmu ko'ina akwai su. Mai sayar mana da nama Barlo ne. Malamata ta makaranta Barlo ce. In ka buɗe littafin masu wayar talho, sai ka yi ta juya takarda, Barlo, Barlo, Barlo.”

“Duka danginshi ne?”

“A'a. Ba su ma san juna ba. Sunan wuri ne tun da can. Wani tudu ne da ake noman sha'ir, sai mutanen wurin sunka ɗauki sunan, sunka bazu da shi.”

Ya ce, “Sha'ir. Wanda malamai ke faɗi cikin zakkar kono?”

Ba ta san wannan ba. Ta sa mishi abin sauraro a ƙirji ta ce ya ja numfashi. Yarinyar nan ta ɗauka albishir ta yi mishi, kuma har gobe ban ga laifinta ba.

Munka kamo hanya har munka sauka daga gudoro, wato titin kwalta. Ni kuwa na yi ta kawo zance, na farashin albasa, na haihuwar akuyar maƙwabta, ba “uhum” ko ɗaya. Sai da munka hango lambu ya ce, ba da ni yake ba, “Ashe shekara talatin da wani abu ina ban-ruwa a gonar da ke bakin gulbi.”

Daga ranar ya sake. In anka ce “Barlo” a hanya shina amsawa, amma sai an kira sau biyu. Ladan ya tsokane shi, ya ce, “Yau ba ni da shi, malam.” Ladan ya shigo har zaure shina tambayata ko maganin Nasara ne ya kashe mishi baki.

Wata safiya ina jan ruwa a lambu, shi shina zaune bisa bakin rijiyar, don lokacin ba ya iya ɗaukar guga. Ya leƙa ciki ya daɗe. Sannan ya ce, “Ɗiya, ajiye gugan ki ji.” Kafin in ankara ya faɗi sunanshi, da na ubanshi, da na ƙauyensu. Na saki igiya na toshe kunne da mayafi, amma ina, ya riga ya shiga.

Na ce, “Baba, ka rufa mini asiri.”

Ya ce, “Kin ji dai?”

“Ban ji ba.”

“Ke? Ke da ke jin tafiyar ƙiyashi?” Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo. “Uwar mijinki ba ta taɓa faɗi nai ba, haka ya kamata. Mijinki Baba yake cewa. Kin san wa ya kira ni da shi na ƙarshe? Shi Nasaran. Bai taɓa kirana da wani abu ba sai shi. Daga nan inda nike zaune yake leƙowa, ni ina can ƙasa, in ji sunana na saukowa cikin duhu. Da ya tahi, ya tahi da nawa, ni na saura da nashi.” Ya share baki da hannun riga. “Nashi ashe shina da masu shi. Nawa ne ba shi da kowa. Ki faɗe shi sau guda in ji.”

Na ce, “Baba, wane baki gare ni?”

Bai matsa ba. Bayan kwana goma ya sake roƙo, ina miƙa mishi fura, na yi kamar tukunya na ƙonewa na gudu. Ba ƙin shi na yi ba, Allah shaida ne. In na kawo sunan kan harshe sai in ji kamar an ce in tuɓe zane a tsakiyar kasuwar Madawa. Na ce a raina, bari ɗiyata ta zo hutu, jika ce, ita ba kunya tsakaninsu, ta kira shi har ya gaji. Saura sati uku ne a ba su hutu.

Bai kai ba. Ranar ƙarshe da la'asar shina kwance a zaure, na kawo mishi ruwa. Ya kurɓa, bai ma dubi ƙasan ƙwarya ba. Ya dube ni, na san abin da yake jira. Na durƙusa. Na buɗe baki da niyya, wallahi da niyya. Abin da ya fito shi ne, “Baba.”

Ya yi murmushi ya ce, “To, ɗiya. Tarbiyyar Tama.” Ya juya fuska wajen bango. Washegari da hantsi ya cika.

Ka ga halin da nike ciki a bayan zana ranar da liman ya yi tambaya.

Kwana shida ina juya abin. Uwata ta zo daga Tama zaman makoki, na gaya mata a ɗaki cewa na sani. Ta ce, “To ki rubuta a takarda, ba kin yi boko ba? Ki ba yarinya ta karanta wa liman. Kada ki soma buɗe baki. Suruka, a gaban maza? Har jikokinki za a yi wa gori a bakin rijiya.” Shawara ce mai kyau, ba ta da aibi. Na yage takarda daga wannan kayen na rubuta, na ƙulle a bakin zane.

Ranar bakwai da safe anka kai masa da gumba waje, maza sunka cika tabarmi. Liman ya ce, “An samu?” Ladan ya ce ya aika har kasuwar Keita an tambaya, babu wanda ya gane wa ake nufi. Ɗiyata na tsaye kusa da ni ta miƙo hannu in ba ta takarda. Na kwance bakin zane, na dubi 'yar takardar. Sai na tuna takarda ce ta cinye sunan tun farko, can Madawa. Kuma shi bai roƙe ni takarda ba. Baki ya roƙa, sau uku.

Na matsa jikin zana na ce, “Allah shi gafarta malam.”

Uwata ta damƙe mini hannu, na ji farcenta.

Liman ya ce, “Wa ke magana?”

“Surukar mamacin ce.”

“Muna ji.”

Na ce, “Sunanshi Iliyasu. Iliyasu ɗan Arzika.”

Muryar da ta fito ban san ta ba, ta fi wadda nike so ƙarfi. Wata mata a bayana ta ce “La ila”, wata ta ja tsaki. Can sai na ji ladan, a hankali, ba da muryar kiran salla ba: “Iliyasu. Shekara talatin ina zaune da Iliyasu.” Sai na ji shina fyace hanci.

Liman bai tsawata mini ba, bai kuma yaba ba. Ya ɗaga hannu ya ce Allah Shi jiƙan Iliyasu ɗan Arzika, Shi yalwata kabarinshi, Shi shayar da shi kamar yadda ya shayar da mutane. Jama'a sunka ce amin, har Kiristocin da ke gefe, har Buzun da ya ƙi tafiya sai an yi bakwai. Na zauna nan ƙasa inda nike tsaye.

Uwata ba ta yi mini magana ba har ta koma Tama. A bakin rijiya kuwa, yadda ta faɗa haka anka yi, in na iso zance ya kan tsaya, kuma na ji wata tana ce wa amaryar ɗanta kada ta riƙa zama wurina. Ban ce ba su da gaskiya ba. Abin da ke cin raina ba wannan ba ne. Shi ne na faɗa a gaban mutum ɗari, wanda ya roƙa shi kaɗai ne bai ji ba.

Kuma kada ka ɗauka wani abu ya sake. Lungun nan har yau lungun Barlo ne. Takardar ɗiyata Barlo ce, da ita za ta yi jarrabawa, da ita za ta yi aure. In maigidana na da rai, can bakin teku Barlo ake kiranshi, wataƙila ma ya haifi wasu Barlon da ban sani ba. Sunan ya samu sabon tudu, ba sha'ir sai albasa. Ban ƙi shi ba, sunan mutumin kirki ne wanda ya ba da tafin hannunshi. Amma shi shina da littafi guda na masu amsa mishi. Iliyasu ɗan Arzika ba shi da kowa sai ladan mai muryar akuya, da yarinya 'yar kolej, da ni.

Ɗiyata ta koma Madawa. Gidan yanzu ni kaɗai ce, zaure a share, igiyarshi na rataye inda ya bar ta. Da safe in na je lambu, kafin in saki guga, nikan duba ko babu kowa, in leƙa cikin rijiyar in faɗe shi sau ɗaya. Shina sauka, ya daɗe, ya dawo mini.

To kai da ka zauna ka ji, wata rana hanya za ta bi da kai fadamun nan, ƙishirwa ta kama ka, a ce maka ga rijiyar Barlo can. In ka sha ka ƙoshi ka ɗaga hannu, sunan wa za ka kira?